Ina asalin kalmar "discomfit"?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Na ci karo da kalmar Turanci "discomfit" a karatuna, kuma ina matuƙar son sanin ko ma'anarta ɗaya da "discomfort", wato rashin jin daɗi.

Malamin harshe: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Asalinsu daban ne. "Discomfit" ta shigo Turanci a ƙarni na 13 daga tsohon Faransanci "desconfit", kuma a lokacin tana nufin a murƙushe abokan gaba a fagen fama har su tarwatse.

Ɗaliba: Allah ya ƙara sani, malam. To yaya aka yi ta koma nufin rikita mutum ko kunyata shi?

Malamin harshe: Kamannin sauti ne ya ja ta kusa da "discomfort" har kaifinta ya dushe. Yanzu wanda aka tsare da tambaya a gaban jama'a, ya kama in'ina yana share gumi, shi ma ana faɗinta a kansa.