Me ya hana Kiristocin Amurka juya wa Trump baya?

Direban Yanbu:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina, kuma ina so wanda ya san siyasar Amurka ko ya san Kiristanci daga ciki ya warware mini. Ba don cin fuskar kowa nake yin ta ba.

Ina tuƙi a wani kamfani a nan Yanbu. Cikin waɗanda nake kaiwa matatar mai akwai wani dattijon injiniya ɗan jihar Texas, mutumin kirki na gaske. Ba ya ashar, ba ya danne haƙƙin ƙaramin ma'aikaci, in an kira salla shi da kansa yake cewa in tsaya in yi. Matarsa ɗaya tun ƙuruciya. Amma da bakinsa ya gaya mini Trump ya zaɓa a 2016 da 2020 da 2024, daga nan yake aika ƙuri'arsa.

Abin da na kasa haɗawa ke nan. Saura wata ɗaya zaɓen 2016 aka saki faifan da aka naɗa tun 2005, ana jin Trump yana alfahari da yadda yake kai wa mata hannu. Bai musa ba, haƙuri ya bayar. A 2023 kotu a New York ta ɗora masa alhakin cin zarafin wata marubuciya, E. Jean Carroll, aka ce ya biya ta dala miliyan 5. A watan Mayun 2024 wata kotun ta same shi da laifuka 34 na murɗe takardun kasuwanci don ɓoye kuɗin toshiyar baki da aka bai wa wata 'yar fim ɗin batsa, Stormy Daniels. Shi dai cewa yake bi ta da ƙulli ne. Duk da haka, a kowane zaɓe kusan takwas cikin goma na fararen fata masu bin cocin bishara, waɗanda ake kira Ibanjelika, shi suka dangwala wa. Kuma su ne suka fi kowa wa'azi a kan zina da tarbiyyar gida.

Ni a wurina mai addini shi ya kamata ya fi kowa ƙyamar irin wannan. Zargin ne ba su yarda da shi ba, ko sun yarda bai dame su ba?

Ɗalibin Madina:

Wa alaikumus salam Malam. Wasu ba su yarda ba, domin kafafen labaran da suke saurare sun riga sun ce musu ƙulli ne na 'yan Dimokurat. Amma da yawa sun yarda, lissafi kawai suka yi. Tun 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta zubar da ciki a duk faɗin ƙasar, su kuma a wurinsu kisan kai ne. Alƙalan kotun tara ne, shugaban ƙasa ke naɗa su, kuma ba su da wa'adi sai mutuwa ko murabus. Trump ya yi musu alkawarin alƙalai, ya kuma cika: Gorsuch a 2017, Kavanaugh a 2018, Barrett a 2020. A watan Yunin 2022 kotun ta rushe wancan hukuncin. Ya kuma mayar da ofishin jakadancin Amurka Ƙudus a 2018, abin da cocinsu ya daɗe yana nema. Su cewa suke yi mai gadi suka ɗauka, ba limami ba.

Inda ni ma nake jin zafin abin shi ne ba haka suke faɗa a da ba. A 1998, lokacin badaƙalar Bill Clinton da Monica Lewinsky, babban taron cocin Baftis na kudancin Amurka ya fitar da matsaya cewa halin shugaba abin dubawa ne, kuma kau da kai daga ɓarnarsa na lalata al'umma. Cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta PRRI ta tambaye su a 2011 ko wanda ya yi fasiƙanci a ɓoye zai iya riƙe amanar mulki, kashi 30 cikin 100 ne suka ce e. Da aka sake tambaya a 2016, sun kai kashi 72. Littafinsu bai canja ba a shekara biyar ɗin nan, ɗan takarar ne ya canja.

Nas a Riyad:

Gaisuwa gare ku. Ni Kirista ce, 'yar ECWA daga Kudancin Kaduna, ina aiki a wani asibiti a Riyad. Malam Direba, na gode da ka yi tambayar cikin mutunci, zan amsa maka da gaskiyata.

Da farko kada a haɗa mu a kwando ɗaya. Baƙaƙen fatar Amurka suna cikin waɗanda suka fi kowa zuwa coci a ƙasar, kuma mafi yawansu ba su zaɓi Trump ba ko sau ɗaya. Cikin fararen ma akwai waɗanda suka ƙi. Mujallar Christianity Today, wadda shahararren mai wa'azi Billy Graham ya kafa, ta rubuta a Disambar 2019 cewa a tsige Trump. Russell Moore, wanda a lokacin yake jagorantar sashen ɗa'a na Baftis, ya soke shi tun 2016, ya sha matsi har ya bar kujerar a 2021.

Amma ba zan ɓoye ba, a gida Najeriya akwai 'yan cocinmu da suke son sa ƙwarai, har da mahaifiyata. Ba ruwanta da Stormy Daniels, ba ta ma san ta ba. Abin da ta sani, a Disambar 2020 gwamnatinsa ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake tauye 'yancin addini, gwamnatin Biden ta cire ta a 2021. Matar da ta kwana a jeji da jikokinta saboda an shigo ƙauye da dare, in ta ji wani babba a duniya ya ambaci kukanta, ba za ta tsaya tambayar matansa nawa ba. Na san 'yan'uwa Musulmi a Zamfara da Katsina ma suna binne nasu, ba na raina wannan ko kaɗan. Ina dai faɗa muku yadda tsoro yake sa mutum ya rungumi wanda bai dace ba.

Abin da ba na yarda da shi shi ne fastocin da ke cewa ai Sarki Dauda ma ya yi zunubi Allah ya yi aiki da shi. A Littafinmu, da annabi Natan ya tsaya gabansa ya ce kai ne mutumin, Dauda bai ce maƙiya ne suka ƙulla masa ba. Ya amsa laifinsa, Zabura ta 51 kukan tubansa ce. Trump kuwa a 2015 an tambaye shi a gaban taron Kiristoci a Iowa ko ya taɓa neman gafarar Allah, ya ce ba ya jin ya taɓa. Mai zaɓe yana iya cewa dole ce ta sa ni. Fasto ba shi da wannan uzurin, aikin Natan aka ba shi, ya ajiye.

Baba Ɗan Maiurno:

'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi gaskiya har a kan naki. Ni haifaffen Maiurno ne a ƙasar Sudan, ina zaune a Jidda. Ɗana Direba, kada ka tafi Amurka neman wannan cuta, tana gidanmu. Shekara 30 Umar al-Bashir ya yi a kanmu, daga 1989 zuwa 2019, ana rera mana cewa don Allah ake yi, ba don mulki ko girma ba. Da kotun duniya ta ba da sammacinsa a 2009 a kan Darfur, an cika tituna ana cewa makircin Turawa ne a kan Musulunci. Waɗanda aka ƙone wa ƙauyuka a Darfur kuwa Musulmi ne, ƙasar allo da mahaddata. Da ya faɗi, kuɗin ƙasashen waje aka tarar jibge a gidansa, kotun Khartoum ta yanke masa shekara biyu a Disambar 2019. Har yau akwai dattawan da in ka faɗi haka sai su ce kana taya kafirai. Ku kuma Kanawa kun ga bidiyon dala a 2018, Ganduje ya ce ƙarya ne, a 2019 ya koma kujerarsa.

Direban Yanbu:

Na gode Baba, na gode 'yar'uwa. Na fahimci uzurin mahaifiyarki, kuma ba zan iya ganin laifinta ba. Wanda nake ganin laifinsa shi ne mai mumbari, namu da naku, da yake tsine wa zunubi in na abokin hamayya ne, in na nasa ne ya nemo masa aya. Malam na Madina, wai babu inda abin ya taɓa kai su bango suka ce a'a?

Ɗalibin Madina:

Akwai, amma da kaɗan-kaɗan. A Alabama a 2017 mata suka zargi Roy Moore, ɗan takarar sanata na Rifablikan, da neman su tun suna 'yan mata ƙanana shi kuma ya haura talatin. Ya musa. Mafi yawan Ibanjelika farare da suka fito shi suka zaɓa, sai dai wasu sun yi zamansu a gida, baƙaƙe kuma suka fito da yawa, Doug Jones na Dimokurat ya ci da ƙyar a jihar da Dimokurat ta yi shekara 25 ba ta ci sanata ba. A Jojiya a 2022 abin ya fi ɗaure kai. An zargi Herschel Walker, ɗan takarar sanata na Rifablikan, da biyan kuɗin zubar da ciki, shi ma ya musa, abokin karawarsa kuma Raphael Warnock fasto ne, shi ke jagorantar cocin Ebenezer da Martin Luther King ya yi wa'azi a Atlanta. Fararen masu bishara suka bar faston suka bi Walker saboda jam'iyya. Warnock ya ci a zagaye na biyu a watan Disamba.