Dan Allah wane ruwan zarto zan sa wa banso na don tsaga katakon odum?

Ƙaramin kafinta, Sawaba:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Wallahi kwana uku ban yi barcin kirki ba. Banso ne da ni, wato injin zarto da ruwansa ke zagaye tayoyi biyu kamar bel, mai taya inci 14, na marigayi mastana ne Allah ya jiƙansa, shekara 9 na yi a hannunsa tun muna unguwar Anloga a Kumasi kafin a tashe mu zuwa Sokoban, da ya rasu 'ya'yansa suka ce za su sayar da komai, da ƙyar kawuna ya shiga tsakani aka bar min injin ina biya kaɗan-kaɗan, har yau ban gama ba. To wata Hajiya a Aboabo ta ba ni aikin gado da wadrob na auren 'yarta, ta ce katakon odum take so ba katakon wawa ba, ta ba da rabin kuɗi na sayo katako. Kaurinsa inci 2, faɗi inci 8, so nake in tsaga kowanne biyu. Amma ina turawa sai zarton ya bar layi, in na buɗe sai in ga ɓari ɗaya ya yi tumbi ɗayan ya lotsa, ga baƙin ƙuna. Guda 3 na ɓata. Biki saura sati biyu. Wane ruwa zan saya?

Alhaji mai somil:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ba sai an ja zance ba. Tsaga da ruwa mai faɗi ake yi, inci ɗaya zuwa sama, kuma mai haƙoran kabayid, wato wanda aka sa wa bakin haƙoransa wani ƙarfe mai tsananin tauri. Odum akwai dutse a cikinsa, wani farin abu kamar alli da ke taruwa a tsakiya, ruwan ƙarfe na gama-gari in ya ci karo da shi shi ke nan ya dakushe. Katakon tik ma haka yake cin haƙori. Shekara 30 ina wannan aiki. Sayi kabayid ka huta.

Masta Asawase:
Baba Alhaji a yi min afuwa, injinku na somil, inda ake tsaga gungumen itace, daban, nasa daban. Ƙanena ba ka faɗa mana haƙora nawa ne a inci ɗaya na ruwan da ke kai ba, ba ka faɗi ƙarfin motar injin ba, kuma katakon ya bushe?

Ƙaramin kafinta, Sawaba:
Yaya ruwan ai mai inci ɗaya ne, sabo fil na saya. Na ƙirga, haƙora 6 ne a inci. Mai kantin ya ce shi ke ba da fuska mai santsi.

Masta Asawase:
To ga matsalar nan guda biyu. Haƙora 6 sun yi yawa a katako mai inci 8, ramin da ke tsakaninsu ƙanƙane ne, garin katako ya cika shi tun bai fito ƙasa ba, sai ruwan ya yi zafi ya ƙona, ya nemi hanyar da ta fi masa sauƙi. Haƙora 3 kake nema, masu ɗan lanƙwasa gaba kamar ƙugiya da rami mai zurfi. Na biyu, injin inci 14 ba ya iya tamke ruwa mai inci ɗaya, sifirin da ke tamke ruwan zai ƙure ruwan bai miƙe ba, shi ne tumbin da kake gani. Nemi rabin inci, siriri, shi zai tamku tam. Tunda inci 8 na shiga, an ƙara wa injinka wuya ke nan, wato an ƙara masa tsayi, galibi tsawon ruwan inci 105 ne ba 93 da rabi ba, amma ka auna da igiya kafin a yanka maka. Santsi kuma aikin filena ne, injin da ke goge fuskar katako.

Alhaji mai somil:
Rabin inci? Na yanka kwana ne wannan! Ku yaran yanzu kun karanta a waya kun zo kuna gyara wa manya. Ɗana kar ka saurare shi.

Ɗan Akwatia Line:
Ni dai duk wanda za ka saya ka dubi wurin walda. Wani ya haɗa min ruwa biyu a karkace, yana juyawa yana gaba yana baya, ko awa bai yi ba ya tsinke ya kusa fizge min yatsa, na mayar masa ya ce wai ni na cika ɗauri. Har yau kuɗina bai dawo ba. Amana ta yi ƙaranci a sana'ar nan wallahi.

Ƙaramin kafinta, Sawaba:
Yaya na ji, amma marigayi da mai faɗi yake aiki a wannan injin kuma ban taɓa ganin ya ɓata katako ba. Ni ina zargin wuta ce, da rana ƙarfinta na raguwa mota ta dinga nishi. Kuma kuɗin da na zuba a ruwan nan ba zan iya yar da shi haka ba.

Masta Asawase:
Wuta na iya rage gudu, amma ba ita ke sa tumbi ba. Marigayi odum mai inci 8 yake tsagawa ko wawa da ofram? Kuma yaya kake turawa?

Ƙaramin kafinta, Sawaba:
Dole in ɗan danna mana, in ban danna ba ba ya ci.

Masta Asawase:
In sai ka danna to ya riga ya dakushe. Ko na haƙora 3 ka sa, a hankali za ka bi shi.

Baba mai gyaran inji:
Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, buɗe murfi ka dubi robar taya, tsofaffin injuna duk ta cinye. Ka matso da abin da ke riƙe ruwan ta gefe da ta baya. Ni yaran shagona ko share gari daga taya ba sa yi, sai abu ya lalace a ce Baba zo.

Alhaji mai somil:
Kawo katakon wurina gobe a tsaga maka a babban inji, ka biya kuɗin aiki. Amma maganar kabayid tana nan.

Ƙaramin kafinta, Sawaba:
Na gode Baba Alhaji, sai dai kuɗin mota da na aiki zai cinye ribar, kabayid kuma na tambaya ya fi ƙarfina. Bari in kai wannan a wasa min in ƙara tamke shi in gwada guda ɗaya tukuna. Hajiya ta kira sau biyu yau ban ɗauka ba. Akwai wanda ya san inda ake samun busasshen odum guda 3 da sauƙi?

Masta Asawase:
Har yanzu ba ka ce min na hannunka ya bushe ko bai bushe ba.