Abin da aka tattauna kan horar da sababbin malamai ta waya da aji

1. Baki ya zo ɗaya: darasin ƙa'ida ya bi ta waya, gwajin koyarwa kuwa sai gaban yara, mai duba aiki na zaune.

2. Saƙon murya na WhatsApp, minti 3 zuwa 5, ya fi bidiyo. A ƙauyukan Gumel da Bichi sabis kan ɗauke, bidiyo ya maƙale, data ta ƙone a banza. Manyan darussa a zuba su a memori ranar haɗuwa.

3. A ba da kwana 3 kafin karɓar aiki. Wata ɗalibar wayar maigida take jira, wani kuma wayarsa na shagon caji.

4. An rabu kan ɗaukar ɗalibi bidiyo yana koyarwa. Wasu sun ce nan yake ganin yadda yake juya wa aji baya, yana magana da allo. Wasu sun ce sai da izinin hedimasta da iyaye, kuma da gaskiyarsu.