Sufageti da curin nama: na Italiya ne ko na Amurka?

Malamin Tarihi: Sufageti da manyan curin nama cikin jar miya, wanda ake sayarwa da sunan abincin Italiya, a Amurka aka haɗa shi. Tsakanin 1880 da 1920 Italiyawa kusan miliyan 4 suka yi ƙaura can, yawancinsu talakawan kudu da ba sa ganin nama sai ranar biki. Da nama ya yi musu araha a New York, sai curin ya girma, aka ɗora shi kan taliya da miyar tumatirin gwangwani.

Hajiya Mai Abinci: Malam, ban yarda gaba ɗaya ba. A Teramo, yankin Abruzzo na Italiya, suna da pallottine, ƙananan curi kamar ƙwayar gyaɗa, kuma da taliya ake cin su. Ai ba Amurka ta koya musu ba.

Malamin Tarihi: Haka ne Hajiya, amma al'adar yanki guda ce. A galibin Italiya taliya ake fara kawowa, nama ya biyo baya a wani faranti.

Babban Kuku: Girman curin nan shi ya canja girkin. Ƙaramin curi yana nuna cikin 'yan mintoci. Babba mai faɗin santimita 5, in nama ne zalla, zai bushe kafin cikinsa ya nuna. Don haka ga niƙaƙƙen nama rabin kilo mai ɗan kitse, a jiƙa burodi yanka 2 da madara kwata na kofi, a fasa ƙwai 1, a sa gishiri ƙaramin cokali 1. A gauraya da yatsu kawai, murzawa da yawa ke sa shi tauri. A soya har bayansa ya yi ja, sannan ya shiga miya minti 25 zuwa 30 a wuta kaɗan. In miyar tana tafasa da ƙarfi, wargajewa zai yi.

Hajiya Mai Abinci: To girkin taliyar nan da ake kira Alfredo fa? Shi ma na ji ana cewa na Amurka ne, alhali Alfredo di Lelio, wanda ya ƙirƙiro shi, a Rum ya yi gidan abincinsa. 'Yan fim ɗin Amurka Douglas Fairbanks da Mary Pickford can suka je suka ci, har suka ba shi kyautar cokali da cokali mai yatsu na zinariya.

Babban Kuku: A nan kina da gaskiya, Hajiya. Sai dai na Rum abu uku ne: taliya, bota da cukun Parmesan. Ga taliya giram 400, bota giram 120, gogaggen cuku giram 150. A sauke tukunya daga wuta, a riƙa zuba ruwan da aka dafa taliyar ludayi-ludayi ana juyawa, sitacin ruwan ne ke haɗa mai da cuku su yi santsi. In zafi ya yi yawa, cukun zai dunƙule, man ya ware. Kirim ɗin madara kuwa yana jure zafi da jira, shi ya sa gidajen abincin Amurka suka koma gare shi, suka ƙara tafarnuwa da kaza.

Malamin Tarihi: Wanda duniya ke ci yau na kirim ɗin ne, ke nan na Amurka.

Hajiya Mai Abinci: A'a Malam. Wanda ya ƙara wa miya kirim bai zama mai miya ba. Babban curin na bar wa Italiyawan New York, amma Alfredo na Rum ne.