Littattafan da ke rakiyar fina-finan almarar kimiyya: wanne ne ya biya ku kuɗinku?

'Yar Katsina: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na biya wajen wani mai sayar da littattafan gwanjo, na tarar ya buɗe kwali guda cike da littattafan Turanci masu hoton jiragen sararin samaniya a bango: Star Wars, Star Trek, Halo. Fina-finan na kalla, amma littattafan da ake rubutawa a kansu ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. A raina ina ganin neman kuɗi ne kawai, fim ya karɓu sai a biyo shi da littafi. Kuɗin guda uku nake da shi. Wanda ya taɓa karantawa, don Allah ya faɗa mini wanne ya karanta, kuma ya ya ji.

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni ma da wannan tunanin na shiga, har sai da wani abokin ɗakina a jami'a ya ara mini Heir to the Empire na Timothy Zahn. In yana cikin kwalin, ki fara ɗaukarsa. A 1991 ya fito, lokacin da aka yi shekara takwas ba sabon fim ɗin Star Wars, kuma labarin ya ɗora ne shekara biyar bayan fim ɗin Return of the Jedi. Daular miyagun ta karye, sai ga wani kwamandan yaƙi, Thrawn, mai shuɗiyar fata da jajayen idanu, ya tattara ragowar rundunar. Abin da ya kama ni shi ne mutumin ba shi da wani ƙarfin sihiri, ba ya hargowa. Zane-zane da sassaƙe-sassaƙen al'umma yake zama ya nazarta, daga nan ya gano yadda suke tunani da inda za su yi kuskure a fagen fama. A fim mugu yakan shaƙe yaronsa in ya yi kuskure. Shi wannan tambaya yake yi ya ji ko laifin na sakaci ne ko na rashin horo. Kwana biyu na yi da littafin, har darasin safe na rasa. Ko sunan babban birnin da ke cikin Star Wars, Coruscant, daga littafin aka ɗauka aka kai fim. Sai dai ki sani kashi uku ne, akwai Dark Force Rising na 1992 da The Last Command na 1993, kuma in kin gama na farko ba za ki iya haƙura ba.

Malamar Firamare: Ni ban taɓa riƙe abin buga wasan bidiyo na Halo ba, ƙannena ke yi ina leƙe. Ɗaya daga cikinsu ya bar The Fall of Reach na Eric Nylund a falo, na ɗauka don kashe lokaci. Wallahi sai da na ajiye shi na yi shiru. Wannan sojan mai sulke da yara ke murna da shi, Master Chief, ashe yana ɗan shekara shida aka sace shi, sunansa John. Yara 75 aka kwashe haka, aka ajiye wa iyayensu kwafinsu da aka ƙera a ɗakin bincike, waɗanda ba sa daɗewa suke mutuwa, iyaye su yi makoki ba su san 'ya'yansu na raye ba. Da suka kai shekara 14 aka yi musu tiyatar ƙara ƙarfi, fiye da rabi suka mutu ko suka nakasa. Abin da ya fi ci mini rai, ba don yaƙi da halittun wata duniya aka fara shirin ba, don murƙushe 'yan tawaye ne, mutane 'yan uwansu. 'Yan shekara shida nake koyarwa. Washegari da na shiga aji, kallonsu kawai nake yi.

Rubutun ba wani mai ƙawa ba ne, akwai wuraren da bayanin makamai ya yi yawa na tsallake. A 2001 ya fito, gab da fitowar wasan farko.

Bakano: Ni kam sai na taka muku birki kaɗan. Na karanta sun fi ashirin, kuma da yawansu da na rufe bango na manta abin da ke ciki. Akwai wanda fim ɗin kawai aka kwafe, magana bayan magana, ba a ƙara ko gishiri ba. Sannan ga abin da ya same mu. Na bi jerin New Jedi Order na Star Wars, littafi 19, daga Vector Prime na 1999 inda Chewbacca, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, ya mutu. Mutuwar ta taɓa ni sosai. Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin da ke yin Star Wars, a 2012, a watan Afrilun 2014 aka sanar cewa duk tsofaffin littattafan sun koma abin da suka kira Legends, wato ba sa cikin asalin labari. A fim ɗin 2015 sai ga Chewbacca da ransa. Na ji kamar an ce mini gidan da na yi shekaru ina shiga ba a taɓa gina shi ba. Tun daga nan na rage saye.

Ɗan Zazzau: Yaya Bakano, na fahimce ka, ni ma abin ya sosa mini rai. Amma daɗin da na ji a daren nan biyu ba wata sanarwa da ta ƙwace shi. Kuma ai da kansu suka dawo da Thrawn cikin shirin Star Wars Rebels a 2016, Zahn ya sake rubuta masa sabon littafi a 2017.

Bakano: Haka ne. Kuma don kada a ce na yi rashin adalci, cikin waɗanda aka juya daga fim akwai guda da nake warewa, shi ma na Star Wars: Revenge of the Sith na Matthew Stover, 2005. A fim na ga jarumin, Anakin, ya juya baya ya koma wajen miyagu cikin gaggawa, ban gamsu ba. A littafin za ki ga mutum ne da ya daina barci saboda mafarkin mutuwar matarsa, tsoro yana cinsa kamar wani dodo a ƙirji. Har fushin da ya yi da aka hana shi muƙamin babban malami an ba shi dalili: muƙamin ne zai buɗe masa taskar ilimin da yake fatan zai ceci matar. Da na gama na koma na sake kallon fim ɗin, sai na ji tausayinsa a karon farko.

Tela daga Maraɗi: Ba wanda ya ambaci Star Trek, bari in sa baki. A shirin Deep Space Nine akwai Garak, tela ne kamar ni, amma tsohon ɗan leƙen asiri da aka kora daga ƙasarsa. Andrew Robinson, wanda ya fito a matsayinsa, ya riƙa rubuta wa kansa tarihin mutumin don ya san yadda zai taka rawar, daga baya rubutun ya zama littafi, A Stitch in Time, a 2000. Wasiƙa ce Garak ke rubuta wa abokinsa likita Bashir, yana zaune cikin kangon ƙasarsa bayan yaƙi, yana taya kwasar gawa yana tuna abin da hannunsa ya aikata. Ni ta kunne na same shi, domin Robinson ya karanta shi da muryarsa a 2023. Ina kan keke ina ɗinki ina saurara, sau biyu na tsayar da ƙafa don kada wata magana ta wuce ni. Hajiya, in kin ga na takarda a kwalin nan kada ki bari, wuyar samu gare shi.

Malamar Firamare: Wani abu kuma, ki duba bayan bango ko littafin na tsakiyar jeri ne. Ƙanena ya fara Horus Rising na Dan Abnett, ya yaba ƙwarai, sai daga baya ya gane jerin ya haura littafi 50.

'Yar Katsina: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma ɗazu da yamma. Na samu Heir to the Empire da The Fall of Reach, na Stover kuma wani ya riga ni. Na Garak babu, amma mai shagon ya ce akwai kwali biyu da bai buɗe ba, in dawo ranar Asabar. The Last Command yana nan, Dark Force Rising ne babu. Yaya Ɗan Zazzau, in saye na ukun in ajiye kafin in samu na biyun, ko in bar kuɗin sai Asabar?