Ta yaya ɗan ƙaramin wuri a ƙwaƙwalwa zai shanye ɓarin jiki gaba ɗaya?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin asibiti ku taimaka. Babanmu ne ya faɗi bayan sallar asuba, hannun dama da ƙafar dama duk suka saki, bakinsa ma ya karkace, da aka yi masa hoton kai sai likita yace jini ne ya zuba can tsakiyar ƙwaƙwalwa ta ɓangaren hagu, wai wurin bai kai santimita 2 ba, naji yana ambaton basal gangiliya da intanal kafsul. To abu biyu ne suka ɗaure min kai, ya za'a yi ɗan wuri haka ya kwantar da rabin mutum, sannan ance hagu amma dama ce ta shanye, ko dai juya hoton suka yi?

MamanKhairat:
Wa'alaikumussalam, Allah ya ba Baba lafiya yasa kaffara ne. Ba su juya komai ba ƙanina, haka halittar take. Jijiyoyin da ke ɗauko umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa in sun sauko wajen ƙeya, wani wuri da ake kira medula, mafi yawansu tsallakawa suke yi ɗaya ɓangaren, shi yasa hagu ke juya dama, dama ke juya hagu. Ni nas ce, kusan duk dangin mara lafiya sai sun min wannan tambayar.

Ɗalibin_Anatomi:
Bari in ɗora kan abin da Anti ta faɗa. Ka ɗauki tsintsiya, bakinta a baje yake amma gindinta a ɗaure wuri ɗaya. A saman ƙwaƙwalwa wurin da ke motsa fuska daban, na hannu daban, na ƙafa ma can wani gefen, a baje suke, amma duk zarurrukan da suka fito daga nan sai sun matse sun bi ta wata siririyar hanya kafin su gangara, ita ce intanal kafsul ɗin da kaji. In matsala ta samu saman, wani lokacin hannu kaɗai ko fuska take taɓawa, in kuwa ta samu maɗaurin to fuska da hannu da ƙafa tare suke tafiya ko da wurin ƙarami ne.

Ita hanyar kuma a tsakiyar wasu dunƙule-dunƙule take, ta ciki akwai talamas da kodet, ta waje akwai futamen da gilobus falidus. In ka cire talamas sauran ukun su ne manyan sassan basal gangiliya, aikinsu daidaita motsi, wanne za'a fara wanne za'a danne. Ranar da aka yanka mana ƙwaƙwalwa a kwance a ɗakin karatu da ido kake ganinsu, su launin toka-toka, hanyar kuma fara tas ta lanƙwashe a tsakaninsu.

Abin da yasa hawan jini ya fi cin nan wurin, jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi sirara ne ƙwarai kuma kai tsaye suka tsiro daga jikin babbar jijiya, duk ƙarfin bugun a kansu yake sauka, shekara da shekaru bangonsu na lalacewa har wata rana ɗaya ta fashe ko ta toshe. Futamen ne ma wurin da jini ya fi zuba a masu hawan jini.

Bazazzagiya:
Ikon Allah. Gwaggona fa bayan nata ya lafa ta dawo tana motsa hannun amma kullum kuka take wai ɓarin jikinta zafi yake kamar ana ƙona ta, ko mayafi ya taɓa ta sai tayi ihu, wlh mutanen gida har cewa suke iska ce, an sha hayaƙi an gaji.

Ɗalibin_Anatomi:
Yaya, wannan ya yi kama da na talamas, amma likita ne zai tabbatar. Duk abin da jiki ke ji, taɓawa, zafi, sanyi, gani, sauti, ta talamas yake ratsawa kafin ya isa saman ƙwaƙwalwa, jin ƙamshi ne kawai ke da tasa hanyar. In ya samu rauni sai saƙon ya rikice, taɓawa kaɗan ta zama raɗaɗi, wani lokacin ma sai bayan makonni ko watanni yake farawa. Tun 1906 wasu likitocin Faransa biyu, Dejerine da Roussy, suka yi bayaninsa. Farasitamol ba ya cika yi masa aiki, akwai magungunan ciwon jijiya da ake rubutawa, ku mayar da ita asibiti.

Ɗan_Fagge:
Nagode sosai wlh yanzu na fahimta. Amma maganarsa ma ta ɗan sarƙe, shima duk wannan ne? Kuma wani maƙwabcinmu yace mu riƙa ba shi asfirin.

MamanKhairat:
Kai kar ku soma! Asfirin na wanda jijiyar jininsa ta toshe ne, shi Baba zubar jini ce, ƙara masa zai yi. Maganar kuma eh, a yawancin mutane ɓangaren hagu ne ke riƙe da magana, ga tsokar baki da harshe ma sun yi rauni. Ku lura in yana ƙwarewa ko tari wajen shan ruwa, ku gaya wa nas kafin ku ci gaba da ba shi komai ta baki, sannan da zarar likita ya bada izini a fara fisiyo, wato atisayen motsa gaɓoɓin da suka saki.