Lungun gidanmu ya zama taɓo, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Badariya nake, cikin Birnin Kebbi. Akwai ɗan lungu tsakanin gininmu da na maƙwabci, faɗinsa bai kai taku biyu ba, tsawonsa kamar mita 10, kuma ta nan muke bi zuwa bayi. Rana ba ta leƙa shi sai wajen azahar, don itacen dogon yaron maƙwabci ya yi masa rumfa. Rufinmu da nasu duk a ciki suke zuba. Tunda Agusta ya kama bai bushe ba ko na yini ɗaya. Makon jiya surukata ta zame da buta a hannu, Allah ya tsare ba ta karye ba, amma har yau tana ɗingishi. Danshi ya hau bangon ɗakin yara har gwiwa, sauro kuwa ba a magana. Mun zuba yashi amalanke biyu, ruwa ɗaya ya tafi da shi. Maigida ya ce a shafe wurin da siminti kawai, ni kuma ina tsoron asarar kuɗi.

Wani magini daga Argungu: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya. Kada a sayi siminti tukuna, ciwon daga sama yake. Idan rufin da ke zuba a lungun ya kai murabba'in mita 50, aka yi ruwan milimita 20, lita 1,000 ce ta sauka a wurin, wato jarka 40 mai lita 25, a dare ɗaya. Wace ƙasa ce za ta shanye wannan, balle lakar da rana ba ta gani? A fara sa indararo a bakin kwano, a haɗa shi da bututun roba mai inci 4 ya kai ruwan lambatu, ko a tara a duro mai murfi ku yi wanki da shi.

Bayan nan a kwashe lakar saman, a zuba jar ƙasa a daɓe ta sosai, a ba ta gangara zuwa waje, santimita 2 a kowace mita. A lungunku bakin zai fi ƙuryar ƙasa da santimita 20 ke nan. Magini ya auna da tiyo mai ruwa, kada ya ce idonsa ya isa. Sai tsakuwa a kai. In har simintin kuke so daga baya, a ja shi da tsintsiya kafin ya bushe ya yi kaushi. Siminti mai sulɓi a inuwa gansakuka yake yi, ya fi taɓon santsi.

Wata 'yar uwa daga Gesse: Yaya, abin da ya faɗa gaskiya ne. Mu cikon ƙasa muka yi har ya taso jikin bango, sai danshin ya ƙaru a ɗaki, filasta ta riƙa zubowa. Dole muka sake haƙewa. Ki tabbata ƙasan lungu yana ƙasa da daɓen ɗakinku.

Wani matashi: Anti, ku dasa ayaba mana, tana shan ruwa sosai.

Maginin: A'a ƙanena. Ayaba rana take so, kuma a wuri mai taku biyu hanyar za ta toshe, ta ƙara inuwa.

Wani dattijo daga Jega: 'Yata, kafin a ɗauki shebur, maigidanki ya shiga wurin maƙwabcin nan su zauna. Rabin ruwan nasa ne, kuma katangarsa ma tana shan danshin nan; idan ginin ƙasa ce ta fi taku shiga haɗari. A roƙe shi ya sassabe rassan da suka rufe lungun, ban ce a sare itacen ba, watan Afrilu na zuwa za ku nemi inuwarsa. Kuma a duba inda bututun zai zubar, kada ku raba kanku da ruwa ku kai shi ƙofar wani. Idan magana ta ƙi, sai a je wa mai unguwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maigida ya je, maƙwabcin ya yarda zai biya rabin kuɗin indararo. Jiya da ana ruwa na tsaya da lema na duba, ashe bakin lungun ya fi cikinsa tudu, ruwan komawa yake yi. Malam, a fara yanzu ko a jira kaka?

Maginin: Indararon a sa shi yau ma in da hali. A yanke 'yar hanya da fartanya a bakin lungun ruwa ya samu mafita, a jera bulo kwance Mama ta riƙa takawa. Daɓen kuwa a bari sai ƙarshen Oktoba, ƙasa ta sha iska, don jiƙaƙƙiyar laka ba ta daɓuwa.